Mafoni da Shehu Garbai: Yadda Aka Kafa Yerwa

Wanda ya ratsa unguwar Mafoni a cikin Maiduguri, da wuya ya yi zaton ta girmi birnin da ya haɗiye ta. Amma kuwa haka abin yake. Tun ba a san za a yi wani gari wai shi Yerwa ba, Mafoni tana nan, ƙauye ne a kan tudu kusa da kogin Ngadda.

Rabe ne ya rushe Kukawa, babban birnin Shehunan Barno, a shekarar 1893, ya koma Dikwa da zama. Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, suka naɗa Shehu Sanda Kura a Dikwa. Ba a jima ba suka tuɓe shi, suka ɗora ɗan'uwansa Abubakar Garbai, tare da ɗora masa biyan dalolin azurfa masu ɗimbin yawa, wai ladan raba shi da Rabe.

To, a nan ne halin mutumin ya fito. Turawa sun riga sun yanka ƙasar Barno a takarda: Dikwa ta faɗa rabon Jamus, Kukawa kuwa rabon Ingila. Ga Faransawa suna tatsar talakawansa, ga ƙasa ta gaji da shekara bakwai na yaƙi da bauta. Da Kanar Morland ya iso da sojan Ingila a 1902, Shehu Garbai bai ja dāga ba. Ya karɓi tayinsu, ya bar Dikwa, ya sauka Monguno, daga nan ya nufi Kukawa don ya raya kufan kakanninsa. Akwai masu ganin wannan sallamawa ce. Sai dai a tuna cewa a shekarar da ta biyo baya an zubar da jini a Kano da Sakkwato da Burmi, Barno kuwa ta tsira da sarautarta ba a harba bindiga ba.

Su kuwa Turawan Ingila, a Mafoni suka kafa barikinsu. Can aka binne Claud Alexander a 1904, aka kuma kawo gawar ɗan'uwansa Boyd, mai yawon binciken ƙasa, bayan an kashe shi a wajajen Wadai a 1910.

Kukawa ta ƙi tashi. Ga ta da nisa, hanyar fataken Sahara da ta ciyar da ita kuma ta mutu. Saboda haka a 1907 Shehu ya taso da fadawansa da malamansa, ya kafa sabon gari dab da Mafoni, aka sa masa suna Yerwa. Daga baya sunan wani ƙauyen maƙwabta, Maiduguri, ya rufe su duka.

Shehu Garbai ya rasu a Yerwa a 1922. Wanda ya gaje shi shi ne Sanda Kura, wato dai wanda Faransawa suka tuɓe a Dikwa.