Mene Ne Zafi?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san zafi. Ka san ranar watan Afrilu a Garhanga, lokacin da duwatsun Adar suke ƙona tafin ƙafa. Amma in aka ce ka faɗi abin da zafi yake, me za ka ce? Masana ma sun daɗe suna neman amsa. Ilmin da yake binciken irin wannan abu shi ake kira fizik. Yaranmu suna koyon sa a kwaleji.

Rassan fizik

Fizik kamar itacen gawo yake, yana da manyan rassa biyar.

Na farko shi ne ilmin motsi. Shi yake bayanin faɗuwar dutse, da tafiyar amalanke, da jawo guga daga rijiya. Wani Bature ɗan Ingila, Niyuton, ya rubuta dokokinsa a 1687.

Na biyu shi ne ilmin zafi. Da shi ake gane aikin injin niƙa da injin ban ruwa. Karno, mutumin Faransa, ya yi rubutu a kansa a 1824.

Na uku shi ne ilmin lantarki da haske. Rediyo da tocila da wayar hannu duk ƴaƴansa ne.

Na huɗu yana maganar abin da yake gudu kusa da gudun haske. Ainishtain ya fito da shi a 1905.

Na biyar yana maganar abubuwa ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Plank ya buɗe ƙofarsa a Jamus a 1900.

To, akwai wani ilmi da yake ɗaure waɗannan rassa wuri ɗaya, kamar yadda igiya take ɗaure damin hatsi. Sunansa ilmin ƙididdigar motsi. Shi za mu duba yau.

Ƙwayoyin da ba a gani

Ruwa da iska da ƙarfe, kowanne an gina shi da ƙananan ƙwayoyi. Kullum motsi suke yi, dare da rana. Ƙwayar iskar da kake shaƙa tana gudun kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya, tana karo da ƴan'uwanta.

Yawansu fa? Babban cokali ɗaya na ruwa yana da ƙwayoyi kamar lamba 5 da sifiri 23 a bayanta. In duk mutanen duniya suka zauna suna ƙirgawa, kowa ƙwaya ɗaya a daƙiƙa, sai sun yi kusan shekara miliyan 2 kafin su gama.

Ka ga matsalar ke nan. Ilmin motsi ya san yadda ƙwaya ɗaya take tafiya. Amma wa zai iya bin ƙwayoyi masu wannan yawa ɗaya bayan ɗaya? Ba kowa.

Dabarar tiya

Kai ma ka san maganin wannan matsala. In ka je kasuwar Keita sayen hatsi, kana ƙirga ƙwaya? A'a, da tiya ake aunawa. Wata ƙwaya babba ce, wata ƙarama. Amma tiyar yau da ta gobe nauyinsu kusan ɗaya ne. In abu ya yi yawa, babba yakan cike giɓin ƙarami, sai matsakaici ya tsaya daram.

Wannan dabara masana suka bi. Makswel na Birtaniya ya fara a 1860. Bolzman na Ostiriya ya ƙara a 1877. Gibs na Amurka ya tattara shi cikin littafi a 1902. Suka bar bin ƙwaya ɗaya, suka koma lissafin taron gaba ɗaya.

Ga abin da suka samu. Zafi motsin ƙwayoyi ne. In suna motsi da sauri, abu ya yi zafi. In motsin ya ragu, abu ya huce. Ma'aunin zafi da ake sa wa majinyaci a asibiti matsakaicin wannan motsi yake nunawa. Ta haka reshe na farko ya haɗu da na biyu.

Duba kuma maƙera. In maƙeri ya zuga wuta, ƙarfe yakan yi ja, in zafi ya ƙaru ya koma rawaya. Me ya haɗa zafi da launi? Plank ya ɗauki lissafin Bolzman ya warware wannan tambaya, daga nan reshe na biyar ya tsiro. Ka ga igiyar ta kama zafi da haske da ƙananan abubuwa.

Abin da kake gani a gida

Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Cikin ruwan akwai ƙwayoyi masu sauri da masu nawa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa. Masu sauri su ne suke tserewa cikin iska, masu nawa su rage. Matsakaicin motsi ya sauka, ruwa ya yi sanyi. Don haka ka ajiye randa a inuwa, inda iska take kaɗawa.

A gona kuwa, wannan tserewa asara ce. Rana da iska suna kwashe ruwan ƙasa. Shi ya sa karan da aka shimfiɗa a gona yake riƙe laima. Layukan itatuwan da aka fara dasawa a kwarin Magiya, wajen Buza, a 1975, su ma suna rage ƙarfin iska a kan shuka.

Tayar babur fa? Ƙwayoyin iska suna dukan bangon taya ba hutawa, shi ya sa take tauri. Da rana dukan yana ƙaruwa. Kada ka cika mata iska fiye da ƙima lokacin bazara. Kada kuma ka jefa gwangwanin maganin sauro cikin wuta, ko da ya ƙare. Yana iya fashewa ya ji wa yaro rauni.

Namu ma sun yi

Wannan ilmi ba na Turawa kaɗai ba ne. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, babban masanin fizik ne. Ya yi shekaru yana binciken yadda za a mori zafin rana a Nijar, har ya rasu a 1991. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. In ɗanka ko ɗiyarka suka ce lissafi ya yi wuya, ka ƙarfafa musu gwiwa. Shi ma daga baƙi da wasali ya fara.

Tambayoyi

1. Faɗi rassan fizik guda uku.
2. Me ya sa ba a bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya?
3. Ina ya kamata a ajiye randa, kuma don me?