Kushewa ko Alamar Iyaka: Yadda Ake Rarrabe Tarin Duwatsu

Matafiyin da ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Magamar Jibiya, in ya ga tarin duwatsu bisa tudu, yakan ɗauka kabarin mutanen da ne. Sau da yawa ba haka ba ne, domin siffa kaɗai ba ta isa shaida ba.

Iyakar da ta ratsa arewacin Magama ba ta daɗe ba. Tsakanin 1906 da 1908 ne Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka shata ta, suka kafa alamomi 148 daga Kogin Kwara zuwa Tabkin Chadi. Irin wannan alama takan tsaya ita kaɗai, inda za a hango ta daga nesa, kuma wurinta yana cikin taswira. Duk wadda aka ga siminti ko ƙarfe ko lamba a jikinta, to, aikin zamani ce. Haka kuma duwatsun da manomi ya tsince daga gona ya jibge a gefe, a saman ƙasa suke zaune.

Kushewa kuwa akasari ba ta zama ita kaɗai. Gindinta faffaɗa ne, ta nutse, ƙasa ta cike tsakanin duwatsunta, rana da iska sun rina su launi ɗaya. Irin waɗannan suna da yawa a ƙasar Azbin tun kafin zuwan Musulunci. A ƙasar Katsina, babban misali shi ne Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, ko da yake tuddanta na ƙasa ne. Sunan kansa shaida ne, domin kusheyi jam'in kushewa ne, watau kabari. Palmer ya tona wurin a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami gawawwaki tare da zinariya da tagulla da wuri da hauren giwa. Awon kimiyya ya nuna wasu sun kai ƙarni na 14.

Saboda haka tona ta ƙwararru ce kaɗai ke yanke hukunci. Wanda ya ɗauki alamar iyaka kabari ce ya rushe ta neman dukiya, ya tayar da rigimar ƙasa. Wanda kuma ya ɗauki kushewa tarin banza ce ya kwashe duwatsunta don gini, ya shafe tarihin da ba shi da madadi. Abin da ya kamaci wanda ya ga irin wannan tari shi ne ya bar shi yadda yake, ya sanar da mai gari da Gidan Tarihi na Katsina.