Nauyin Da Ke Wuyan Masu Ɗinke Raunuka A 'Yankara, Ƙanƙara Da Sabuwa

Garin 'Yankara, a ƙaramar hukumar Faskari, yana bakin hanyar Funtua zuwa Gusau, gab da iyakar Zamfara. Yawancin asibitocin wannan yanki, har zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, an gina su ne domin zazzaɓin cizon sauro da awon ciki da rigakafi. Shekarun 'yan bindiga sun mayar da su wuraren karɓar masu harbi da sara, amma hannaye da kayan aiki ba su ƙaru daidai da nauyin ba. Gajiya da ƙuncin da ke cin ma'aikatan jinya a nan tsarin aikin ne ya haife su, kuma muddin ba a gyara tsarin ba, majinyaci ne zai kwana a ciki.

Hari irin na Kadisau a Yunin 2020, ko na 'Yargoje a Yunin 2024, yana kwararo masu rauni ne a lokaci guda. Nas ko malamin asibitin da ke aikin dare shi zai zaɓi wanda za a fara tsayar wa jini, ya nemi dangin da za su ba da nasu, sannan ya yanke ko a ɗauki hanyar asibitin Funtua ko na Shika a sa'ar da direbobi ke gudunta. Wata doka ta 2017 ta wajabta karɓar mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sai dai doka ba ta samar da ledar jini. Da aka katse layukan waya a Satumban 2021 a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ko kiran likita ya gagara. Ma'aikacin kansa bai tsira ba: a Janairun 2025 'yan bindiga sun afka wa Babban Asibitin Ƙanƙara, suka harbi likita, suka tafi da mutane. Ga kuma tamowa, wadda ƙungiyar MSF ta ce ta kashe yara 652 a cibiyoyinta na jihar cikin watanni shidan farko na 2025.

Jiki magayi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiyar a matsayin abin da aiki ke haifarwa, mai alamu uku: ƙarewar ƙarfi, bushewar zuciya ga aikin, da raguwar ƙwazo. Sau da yawa abin da masu jinya ke kira wulaƙancin ma'aikatan asibiti alama ta biyun ce. Wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba ya fi kusa da kuskuren awon allura, ya kuma fi saurin neman canjin wurin aiki zuwa birnin Katsina, ko ya haura Saudiyya ko Ingila. A 2025 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci fiye da 16,000 sun bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Duk wanda ya tafi, kwanan aikinsa kan waɗanda suka rage yake komawa, su ma su fara shirin tafiya.

Wani zai ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma manomin da aka raba da gonarsa ya fi mai albashi shan wuya. Gaskiya ne, amma manomin nan hannun ma'aikacin yake nema ranar da aka harbe shi, don haka lafiyar ɗayan ta rataya ga ɗayan. Wani kuma zai ce kuɗi ne magani. Gwamnatin tarayya ta ɗaga alawus ɗin haɗari daga naira 5,000 a ƙarshen 2021, amma ficewar ba ta tsaya ba, domin kuɗi ba ya sayen barci. Masu kafa hujja da sulhun da wasu al'ummomin yankin suka yi a 2025 su tuna cewa ko bindiga ta yi shiru, abin da ido ya gani yana daɗewa a zuci. Haƙuri da tawakkali suna riƙe mutum, amma ba su ɗauke wa shugabanni alhakin kula da wanda suka tura ba.

Abin da ake buƙata a fili yake: kwanan aiki mai iyaka da hutu bayan kowane babban hari, musanya ma'aikata tsakanin birni da karkara, tsaro a gidajen ma'aikata, motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki, da ƙwararren da za su amayar wa damuwarsu ba tare da a kira su ragwaye ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta buɗe ƙofar hakan. Muna kira ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da masu riƙe da sarautun yankin su duba masu duba mu, tun kafin a wayi gari asibiti na buɗe babu mai karɓar majinyaci.