Mai Saye Shi Ne Malamin Ɗan Kasuwa

A dogon hutun da ya wuce mahaifina ya tura ni wurin kawuna don in taya shi jiran kanti. Kawun nan nawa ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, sai ya kama shago a bakin tashar garinsu, ya tafi birni ya saro kaya masu kyau ya cika shi maƙil. Akwai manyan gwangwanayen madara, da sukari kwali-kwali, da man gyaɗa galan-galan, da manyan ledojin omo. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya yaba, amma fa yabon kaɗai muke samu. Akwai ranar da muka zauna tun hantsi har la'asar, mutum huɗu kacal suka shigo, biyu daga cikinsu ma canji suka zo nema.

Daura da mu kuwa akwai wani dattijo mai tebur. In aka tattara kayansa duka ba za su cika kanta ɗaya daga cikin namu ba, amma gaban teburin nan ba ya rabuwa da jama'a. Kawu ya ce ai laƙanin kasuwa gare shi, ni ma da farko haka na zata. Da abin ya dame ni, wata rana da yamma sai na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah mene ne asirin cinikin nan naka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gobe da sassafe ka zo ka zauna nan kusa da ni. Kada ka dubi kayana, hannun masu zuwa za ka riƙa duba."

Washegari na zo na zauna. Yawancin masu zuwa yara ne da iyayensu mata suka aiko, wannan da Naira 50, wancan da Naira 100. Wata ta ce a ba ta magi biyu da gishiri, wani ya ce sukari na koko ɗaya, wata kuma omo na wankin rana ɗaya. Bayan su sai 'yan dako da 'yan acaɓa da leburori, watau mutanen da kullum sai sun fita suke samun na ranar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kayan da Baba ke sayarwa irin namu ne, wani lokaci ma dila ɗaya ke ba mu. Shi dai yakan zauna da dare ya ƙuƙƙulla su ƙanana-ƙanana daidai kuɗin da ya san yana hannun mutanen garin. Ya san ranar da ake biyan ma'aikata, ya san gidan da ba su da kuɗi sai an ci kasuwa, kuma kayan da yake kasawa da azumi dabam suke da na lokacin kaka. Kawu ya saro abin da shi yake sha'awa, Baba kuwa ya saro abin da mutane ke iya saye.

Da muka dawo makaranta na ba malaminmu na darasin kasuwanci wannan labari. Ya ce abin da dattijon nan yake yi shi ne abin da manyan kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi a kansa, suna kiransa binciken kasuwa. Ma'anarsa ita ce, kafin mutum ya ƙera kaya ko ya saro su, ya fara sanin wanda zai saya. Sanin nan kuwa ya wuce a ce mutane suna son abu kaza, gama kowa na son madara, kowa na son nama. Tilas ɗan kasuwa ya san nawa ne ke shiga hannun mai saye, kuma yaushe yake shiga, kullum ne ko sai ƙarshen wata. Tilas ya san inda mai saye zai ajiye kayan in ya kai gida, da irin wahalar da yake sha wajen amfani da su. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna masa irin kayan da zai yi, da girmansu, da farashinsu, da hanyar da zai bi ya kai su.

Bari mu ɗauki misalin madara, tun da yake babu ɗalibin makarantar kwana da bai san darajarta ba ranar da aka jiƙa garin kwaki. A da, wanda zai sayi madarar kanti a ƙasar nan a gwangwani zai same ta, ko ta ruwa ko ta gari. Ta ruwa in an huda ta, to, sai a shanye da wuri, don in babu firiji zafi zai lalata ta. Gwangwanin ta gari kuwa yana daɗewa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin wanda ke cin na yau ya nemi na gobe. Abin ya ƙara tsanani bayan shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta yi ta faɗuwa. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dalar Amurka ɗaya, amma zuwa 1993 sai an ba da wajen Naira 22 a farashin gwamnati kafin a sami Dala guda. Tun da yake daga waje ake kawo garin madara, sai ta zama abincin masu hali.

A wannan shekara ta 1993 ne wani kamfani mai suna Wonder Foods, wanda daga baya ya koma Promasidor, ya shigo Nijeriya da madarar Cowbell. Wanda ya kafa shi, wani Bature mai suna Robert Rose, tun 1979 ya fara sayar da ita a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Dabara biyu kamfanin nan ya yi. Ta farko, maimakon maiƙon da ke cikin nonon saniya, sai aka sa mai irin na tsirrai a cikin garin madarar, abin da ya sa ta yi arha kuma ta fi jure ajiya. Ta biyu, aka ɗura ta a 'yan ƙananan ledoji, kowace ɗaya daidai shayi kofi guda ko koko kwano ɗaya. Wanda ba zai iya sayen gwangwani ba, ga ta daidai aljihunsa, kuma ba ya bukatar firiji, don a take zai farke ya juye.

Ku lura da yadda wannan fahimta ta shafi dukan tsarin cinikin. Tun da masu ƙaramin ƙarfi ake nufi, ba a tsaya jiran su zo manyan kantuna ba, sai aka bi su inda suke, wurin mai tebur da mai shayi da ɗan shagon cikin lungu. Ledojin ma a haɗe ake yin su kamar igiya, yadda mai tebur zai rataye su a ƙusa ba tare da sun ci masa wuri ba. Ribar leda ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, amma in miliyoyin mutane suka saya kowace safiya, ai ka ga an tara abin kirki. Da sauran kamfanoni suka ga haka, sai suka bi sahu. Madarar Peak, wadda ake sayarwa a ƙasar nan tun 1954, ita ma ta fito da ta leda. Yau ga Milo, ga tumatir, ga man girki, ga man goge baki, duk ana samunsu a 'yan ledoji. In muka duba da kyau, dabarar da iyayenmu mata suka daɗe suna yi ce a cikin gidaje, ta ƙullin gishiri da daddawa da awon mai a ludayi, sai dai kamfani ya sa inji ya yi ta da yawa.

Wani zai ce, to, ai abin mai sauƙi ne, sai a tambayi mutane abin da suke so a yi musu. Gaskiya ne matambayi ba ya ɓata, amma tambaya kaɗai ba ta wadatarwa. A duk zaman da na yi a kantin Kawu ban taɓa jin wanda ya ce, "Kuɗina ba su kai ba." Mutum zai ɗauki gwangwani ya jujjuya, ya tambayi kuɗinsa, sa'an nan ya ajiye ya ce, "Bari in zaga in dawo." Mu kuwa sai mu zauna muna jiran dawowarsa. Kunya ba ta barin mutumin ƙasarmu ya faɗi rashinsa a gaban jama'a. Ban da wannan kuma, akwai wahalar da mutum ya saba da ita har ya daina ganinta wahala, balle ya kai ƙararta. Saboda haka ɗan kasuwa yana bukatar ido fiye da yadda yake bukatar kunne.

Labarin wayar hannu zai ƙara bayyana wannan. A shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. Ba a daɗe ba sai aka riƙa ganin mutum ɗaya da waya biyu ko uku, ko kuwa yana ta cire layi yana sa wani. Dalili kuwa shi ne, kira daga layin wani kamfani zuwa na wani yana da tsada, kuma layin da ke da sabis a wannan gari ba lalle ne ya yi aiki a gari na gaba ba. Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Transsion, wanda aka kafa a 2006, ya mai da hankalinsa kan kasuwar Afirka daga 2008. Shi ne mai yin wayoyin Tecno da itel da Infinix. Ya dage wajen yin waya mai ɗaukar layi biyu. Ya lura wutar lantarki ba ta zama, sai ya sa batir mai daɗewa bai mutu ba. Ya sa harsunanmu irin su Hausa da Suwahili da Amharik a cikin wayoyin. Har ila yau ya lura yawancin wayoyi ba sa fito da fuskar baƙin mutum sosai a hoto, musamman da dare, sai ya gyara kyamararsa don ta dace da launin fatarmu. Mu a da in hoto ya yi duhu sai mu ce laifin haske ne, ba mu san abu ne mai gyaruwa ba. Zuwa 2017 kamfanin nan ya wuce Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, alhali kuwa a ƙasashen Turai da yawa ko sunansa ba a sani ba.

Amma fa kada mu ɗauka duk abin da ya jawo ciniki ba shi da aibi. Wanda ya iya lissafi ya gwada wannan: ya tara kuɗin 'yan ledojin madarar da za su cika gwangwani ɗaya, ya kwatanta da kuɗin gwangwanin. Sau da yawa zai tarar mai saye kaɗan-kaɗan ya fi biya da tsada, watau talaka ne ke biyan kuɗin rashinsa. Ga kuma ledojin da ake yarwa, su toshe magudanun ruwa da damina, awaki da shanu su ci su kamu da ciwo. Haka nan ya kamata iyaye su sani cewa irin madarar nan ba a yi ta don ta maye wa jariri gurbin nonon uwa ba. Sanin halin mai saye amana ce. Wanda ya san shi don ya sauƙaƙa masa ya yi kasuwanci, wanda kuwa ya san shi don ya tauye masa mudu ko ya ɓoye kaya sai sun yi tsada, wannan ya ci amana. Su ma waɗannan matsaloli ƙofa ce ga mai tunani, gama duk wanda ya gano yadda za a sayar wa talaka kaɗan-kaɗan ba tare da tsada da tarin shara ba, lalle ba zai rasa masu saye ba.

To, yaya aka ƙare da kantin Kawu? Da na faɗa masa abin da na gani a teburin Baba, da farko ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yanzu ni da na riƙe ofis guda, ni zan zauna ina ƙulla sukari a leda?" Na yi shiru, don ba a jayayya da babba. Amma da ya duba ya ga wasu gwangwanayen sun kusa wuce ranar da aka rubuta a jikinsu, sai ya sauko. Ya sayo sikeli da ledoji, muka fara aunawa muna ƙullawa. Ya kuma ba ni wani tsohon littafi ya ce duk abin da aka zo nema ba mu da shi in rubuta. Cikin mako uku littafin nan ya nuna mana abin da aka fi tambaya: maganin sauro, da batirin tocila, da littattafan rubutu na 'yan firamare. Ko ɗaya daga cikinsu babu a kayan da ya saro da farko. Manyan gwangwanayen kuwa ya rage yawansu, yana ajiye kaɗan saboda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu saye a ƙarshen wata. Kafin hutu ya ƙare kantin ya fara motsi, ko da yake wani kaso na jarin ya riga ya tafi, kuma kuɗin sallama sau ɗaya ake biyan mutum.

'Yan'uwana ɗalibai, mun sani ba dukanmu ne za mu sami aikin ofis ba in mun gama karatu. Da yawa daga cikinmu kasuwa za mu shiga, ko mu kama sana'ar hannu. Ina ba mu shawara mu fara koyon lura tun yanzu. In an aike ka kasuwa, dubi abin da mutane ke ɗauka su ajiye, ka tambayi kanka dalili. Iyayenmu kuma, musamman waɗanda ke shirin barin aiki su kama ciniki, ina roƙonku da girmamawa, kafin ku zuba gumin shekara da shekaru a cikin shago, ku sami ko da mako biyu ku zauna kusa da mai tebur na unguwarku. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai saye shi ne mai ɗakin, sai a je gare shi a koya.