Allon Tuƙin Tsaye ko Kayak: Wanne Ya Fi Dacewa da Iyali?

A bakin tafkuna da gaɓar teku a Turai da Amurka, da zarar lokacin zafi ya kama, masu ba da hayar kayan wasan ruwa sukan jera abubuwa biyu kusa da juna. Ɗaya kayak ne, ɗan siririn kwale-kwalen roba da ake zama a kai ana tuƙawa da filafili mai baki biyu. Ɗayan kuma wani shimfiɗaɗɗen allo ne, tsawonsa mita 3 da 'yan kai, wanda mutum ke hawa ya miƙe tsaye yana tuƙi da dogon filafili mai baki ɗaya. Yanzu har Dubai da Legas ana ganin su. Magidancin da ya iso wurin da maiɗakinsa da yara, kuma kuɗin awa guda ya ware, dole ya zaɓi ɗaya. Galibi ido ne ke yi masa zaɓin, domin mai tsaye bisa allo ya fi burgewa daga nesa.

Asalin kowannensu ya riga ya faɗi halinsa. Kayak jirgin farauta ne na mutanen Inuit da maƙwabtansu a can ƙuryar arewacin duniya, inda suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙirar itace ko ƙashi. Ruwan can idan mutum ya faɗa, sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi, saboda haka duk dabarar ƙirar ita ce kada jiki ya taɓa ruwa. Sai a 1865 wani lauya ɗan Birtaniya, John MacGregor, ya sa aka ƙera masa irinsa, ya raɗa masa suna Rob Roy, ya zaga kogunan Turai da shi, daga nan ya zama abin shaƙatawa. Allon kuwa a gaɓar Waikiki ta tsibiran Hawai ya taso, a tsakiyar ƙarni na 20, wurin masu koya wa baƙi hawan igiyar ruwa. Sukan tsaya a kan allunansu da filafili don su hango ɗalibansu su kuma ɗauke su hoto. A farkon shekarun 2000 Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da abin a tsibirin Maui, ya bazu duniya. Ruwan Hawai mai ɗumi ne, mutanensa kuma iyo suke tashi da shi, don haka faɗawa ruwa ba ta cikin abin da ya dame su. Wanda zai hau allo ya sa a ransa zai faɗa, ba sau ɗaya ba.

Abin da ya shigar da allon gidajen talakawan Turai shi ne samfurin da ake hura wa iska. A cikinsa akwai dubban zarurruka da suka ɗaure fatar sama da ta ƙasa, shi ya sa idan an ɗura masa iska ba ya kumbura ya yi ƙwallo, sai ya miƙe ya yi tauri har babban mutum ya tsaya a kai. Iskar da yake ɗauka wajen PSI 15 ce, kusan rabin ta tayar mota. Faɗinsa kimanin santimita 80, kaurinsa 15, nauyinsa tsakanin kilo 8 da 12. Idan an gama wasa a sace iskar, a naɗe shi kamar tabarma, a jefa jakar goyo. Kayak mai tauri na mutum biyu yakan kai kilo 25 zuwa 35, sai an ɗaure shi a rufin mota, a gida kuma yana neman wurin ajiya nasa. Iyalin da ke zaune a ɗakunan haya a bene ba su da ta cewa a nan. Sai dai hura allo da famfon hannu aiki ne, maigida zai yi gumi na minti goma kafin ƙafar kowa ta taɓa ruwa.

A minti goman farko bisa ruwa kayak ne sarki. Ka zauna, nauyinka yana ƙasa, ka tsoma filafili dama ka tsoma hagu, shi ke nan ka iya. Kaka ma za ta iya zama a gaba jikanta ya tuƙa ta. Kayak ɗin yana da sauri, yana cin nisa, ana iya ɗora ruwan sha da abinci a bayansa.

Allo ba ya karɓar baƙo da sauƙi haka. A durƙushe ake farawa, a tsakiyarsa daidai inda mariƙin yake. Idan jiki ya natsu sai a tashi a hankali, ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a kan nesa. Mai kallon ƙafarsa shi ke fara faɗawa. Cinyoyi za su yi ta rawa, tafin ƙafa ya riƙe, kuma abin mamaki allon da ke tafiya ya fi wanda ke tsaye wuri ɗaya natsuwa, saboda haka tsoro ya sa ka daina tuƙi shi ne babban kuskure. Yara sukan riga iyayensu miƙewa, don gajeru ne marasa nauyi. A nan ne nake ganin allon ya yi wa kayak fintinkau. Yaro a kayak fasinja ne, an zaunar da shi an ce kada ya motsa, rabin awa ya ishe shi ya fara tambayar yaushe za a koma. A kan allo kuwa zai zauna gaban babansa, ya kwanta rub da ciki yana leƙen kifi, ya yi tsalle ya faɗa ruwa, ya sake hayewa da kansa tunda ba bango a gefe. Zai ga babansa ya yi tangaɗi ya faɗa, ya taso yana dariya ya sake hawa. Yara ba su cika samun damar ganin manya suna koyon abu daga farko ba, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa kuɗin hayar.

To amma tsayuwar nan da ke ba da daɗi ita ce ke jawo haɗari. Mai tsaye iska tana kama shi gaba ɗaya, allon kuma a saman ruwa yake, kusan babu abin da ya nutse da zai riƙe shi. Idan iskar daga tudu take busowa zuwa cikin teku, ruwan bakin gaɓa zai kwanta luf har ya yaudari mutum, alhali ana ta jan sa ciki. A watan Agusta na 2020 wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna suka hau alluna a gaɓar Galway ta ƙasar Ireland, iska ta kwashe su. Sun kwana a teku, wajen awa 15, kafin wani masunci da ɗansa su same su riƙe da alamar tarkon kamun kifi. Abin da ya taimake su shi ne suna sanye da rigar hana nutsewa, kuma ba su rabu da allunansu ba. Kayak ma iska tana tura shi, sai dai mai zaune da filafili mai baki biyu ya fi ƙarfin yin gaba da ita.

Akwai kuma igiyar da ake ɗaure allon da ita a idon sawu. A tafki ko teku mai kwanciya ita ce rai, don idan ka faɗa iska ba za ta gudu da allon ta bar ka ba. A kogi mai gudu za ta iya sarƙewa a reshe ko dutse ta danne mai ita, shi ya sa a can ake ɗaura ta a ƙugu da maɓalli mai saurin kwancewa. A watan Oktoba na 2021 mutum huɗu suka rasu a Haverfordwest ta yankin Wales, lokacin da ayarin masu alluna ya gangara wata ƙaramar madatsa bayan ruwan sama mai yawa, kuma bincike ya nuna jagororin tafiyar ba su auna haɗarin madatsar ba. Tun 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗauki allon a matsayin jirgi idan ya fita daga wurin wanka, wanda ke nufin dole a tafi da rigar hana nutsewa. Ni a wurina yaro ba ya hawa ko ɗaya daga cikin biyun sai rigar tana jikinsa a ɗaure.

Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san Sarkawa a kogin Kwara ko masuntan tafkin Chadi. Amma su sana'a suke yi, ba faɗawa ruwa suka je yi ba, kuma ruwanmu na tafkuna da madatsu yana da nasa sharaɗin: tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga katantanwar ruwan daɗi ta huda fata, ba sai an sha ruwan ba. Wasan da daɗinsa shi ne yara su yi ta tsunduma bai dace da tafkin da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. A ruwan gishiri babu wannan fargaba. Batun sutura ma ba ƙarami ba ne ga iyalan Musulmi. Doguwar riga ko zurmemen hijabi idan suka jiƙe sukan yi nauyi su naɗe ƙafa, don haka uwar da za ta hau allo tana buƙatar kayan iyo masu rufe jiki, irin burkini da Aheda Zanetti ta ƙirƙiro a Ostireliya. A kayak mai faɗi, a ruwa mai kwanciya, wando da riga masu sauƙi sun wadatar.

Saboda haka idan aka tambaye ni, ba ƙwarewar maigida nake dubawa ba, wanda ya fi kowa rauni a ruwa nake dubawa. In akwai wanda bai iya iyo ba, ko ruwan na da sanyi, ko ana shakkar tsabtarsa, a ɗauki kayak mai buɗaɗɗen sama, a bi gaɓa kusa-kusa. In kuwa yaran sun iya iyo, ruwan mai tsabta ne, ga masu ceto a kusa, allon nake zaɓa ba tare da wani kokwanto ba. A fara da haya kafin a saya, a fita da safe kafin iska ta taso, a fuskanci iskar wajen tafiya domin ta turo ku gida lokacin da hannu ya gaji, kuma a zauna inda ruwa bai wuce ƙirjin babba ba har sai kowa ya iya hayewa allon da kansa.