Duba-gari da Tsaftar Gidajen Abinci a Haɗejiya

Duba-gari, wato ma'aikacin tsafta da aka sani tun zamanin Turawa yana bin gida-gida yana leƙa randa da masai, shi ake kira jami'in lafiyar muhalli a yau, kuma a 2002 aka kafa hukumar tarayya mai yi wa masu wannan aiki rajista. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da gidajen abinci da na burodi a wuyan ƙananan hukumomi, saboda haka duba rumfar mai tuwo ko teburin mai shayi a Haɗejiya nauyin ƙaramar hukuma ne, ita kuwa NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta fi mayar da hankali ga abincin da aka sarrafa a masana'anta.

A gari irin wannan, da ke bakin Kogin Haɗejiya cikin ƙasar fadama, shara da goge tebur ba su ne ma'aunin tsafta ba, ruwa ne. Idan damina ta yi nisa kogin ya cika ya batse, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, ruwan ƙasa yakan taso ya haɗe masai da rijiya, sai ƙwayoyin kwalara (amai da gudawa) da na taifot su bi jarkar ɗan garuwa zuwa madafa ba tare da kamannin ruwan ya canja ba. Miyar da ta tafasa takan tsira, amma kunun aya da latas ba sa ganin wuta, haka nan bahon wanke-wanke guda da ake tsoma kwanuka tun hantsi har la'asar. Binciken da bai tambayi asalin ruwan ba, shan wahala ne kawai.

Bayan ruwa, laifi na biyu ya shafi kifi, wanda Haɗejiya ta shahara da kasuwarsa. Ƙwari na cin kifin banda a ajiya, shi ya sa wasu kan yayyafa masa fiya-fiya, maganin ƙwari mai guba da ba a yi shi don abinci ba, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irinsa a kasuwa. Nan ido da hancin duba-gari ba sa isa, domin da zarar warin ya gushe sai awo a ɗakin gwaje-gwaje, kuma kwandon da ƙuda ke ƙauracewa, wanda mai saye kan ɗauka shi ne mai tsabta, sau da yawa shi ya fi cancantar a ɗebi samfurinsa.