Ɗinkin Gida Ko Na Kanti: Wace Manhaja Linux Ke Fara Kira?

Mai amfani da Debian ko Ubuntu ba ya shan wahalar neman manhaja. Umarnin apt guda ɗaya ya isa kwamfuta ta ɗauko masa ita daga rumbun tsarin, a shirye, an riga an gwada ta. Sai dai Debian takan yi kusan shekara biyu kafin ta fitar da sabon tsayayyen bugu, shi ya sa kayan rumbunta kan kwana biyu. Wanda ba zai iya jira ba sai ya sauko da asalin rubutun manhajar ya harhaɗa da kansa: ./configure, sannan make, sannan make install.

To, yanzu ga manhaja biyu masu suna ɗaya a kwamfuta ɗaya: ta rumbu, da ta ɗinkin gida da ya harhaɗa. Wacce za ta amsa kira?

Alƙalin shi ne wani jeri da ake kira PATH. Idan aka rubuta sunan manhaja, kwamfuta takan bi folda-folda daga farkon jerin, wadda ta fara cin karo da ita ita ke nan. A Debian da Ubuntu, /usr/local/bin na gaban /usr/bin, kuma can ne ɗinkin gida ke sauka in ba a sauya masa wuri ba. Da gangan aka yi haka: dokar Debian ta hana kayan rumbu ajiye fayil a /usr/local, gonar mai kwamfuta ce. Mai shakka ya rubuta type -a da sunan manhajar, zai ga dukansu a jere.

Inda gizo ke saƙar shi ne apt bai san da zaman ɗinkin gida ba. A Afrilun 2014, lokacin da aka bankaɗo ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, Debian da Ubuntu sun fitar da gyara nan da nan. Amma duk wanda ya harhaɗa tasa, gyaran ya wuce ta gefensa, har sai da ya tuna ya sake aikin da hannu. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai riƙe da bayanan jama'a.

Python ma sai an yi taka-tsantsan wajen harhaɗa ta da hannu, domin kayan aikin tsarin da yawa sun dogara da ita. Masu ita da kansu sun ba da shawarar a yi amfani da make altinstall, wanda ke ajiye sabuwar da lambar bugunta a jikin suna, ya bar python3 ta asali a mazauninta.